Fayil Mai Lamba Sha Tara

Ni ne akawun Lauya Tanimu.
Shekara ashirin da uku ina buga masa takarda
a tafiretar da harafin "k" ke maƙalewa.
In kuna neman labarinsa, ku bar fastocin bango,
ku tambayi yatsuna.

Daga Kongo ya fito da kwat ɗin aro,
ya kama ɗaki a Tudun Wada, saman shagon mai faci.
Benci ɗaya, fanka mai kuka,
gudumar ƙasa tana sa wa maganarmu waƙafi.

Shari'ar farko ta masu tuya ce,
mata sha ɗaya da aka ce su tashi daga bakin titi.
Inna Kande ce bakinsu.
Ta kwance haɓar zane, ta zube rasit na shekara bakwai,
mai ya jiƙa su har ana hango haske ta ciki.
Ya ɗaga su gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya:
"Wanda ya karɓi haraji ya yarda suna nan."
Muka ci.
Ladanmu ƙosai ne kowace safiya, har damina biyu.

Sai dattawan unguwa suka hawo bene bayan isha'i,
suna haki, suna cewa baki irin wannan
asara ne a bar shi a kotu.
Ya ci kansila.
Ya rataye kwat a ƙusa, ya ɗinka riga mai aska.

Shekara huɗu yana faɗa a kan abu ɗaya:
kwalbatin da zai raba 'yan makaranta da ruwan Agusta.
Fayil mai lamba sha tara.
Sau uku yana ɓata a sakatariya,
sau uku ina sake buga shi daga ka.
Ranar da aka zuba siminti
ya tsaya cikin taɓo da takalmin salla, yana dariya shi kaɗai.

Daga nan aka ja shi ciki,
mai ba ƙaramar hukuma shawara kan doka.
Kafet, labule, shayi a kofi mai murfi.
Maganarsa ta koyi tafiya a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti.

Wata Talata ya miƙo min rubutun hannu:
za a faɗaɗa titi, kwana bakwai a kwashe rumfuna.
Na duba sunayen.
Na dube shi, yana duban taga.
Na buga.
Kar ku ce ban buga ba,
ina da 'ya'ya biyar da kuɗin haya.
Ya sa hannu, wutsiyar sa hannun ta fi ta kullum gajarta.

Ya nemi kujerar shugaba.
Wakilai suka ci shinkafarsa da daddare,
gari ya waye suna layin wani.
Wayarsa da ba ta hutawa ta koyi azumi.

Muka koma saman bene.
Mai faci ya rasu, ɗansa na sayar da cajar waya.
Kwat ɗin na nan a ƙusa, asu ya ci kafaɗa.

Ran nan muka ji sanda tana ƙirga matakala.
Inna Kande ce, ido ya yi hazo.
Ya miƙe, bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito.
Ta ce, "Zauna. Ba tsohon zance ya kawo ni ba.
Jikana aka tsare a kan babur.
Ba a gaba da rijiya don ta taɓa cinye guga."
Ya jawo takarda, ya ce in rufe fanka,
wai iska ce ke sa masa ruwa a ido.

Kwalbatin na nan.
Sunan wani ne a jikin allon.
Kullum nakan bi ta kai da kekena,
ruwa na wucewa ta ƙasa, bai iya karatu ba.