Mai Gadin Famfo

Babana Dragutin mai walda ne a Rijeka,
shekara talatin yana ɗinke cikin jiragen ruwa da wuta,
tartsatsi a gabansa, wani tartsatsin a leɓensa.
Kafin ya ce ina kwana, tari ya riga shi gaishe ni.

Da ƙanensa Vjekoslav suka fara,
kara ɗaya su biyu, a bayan makaranta.
Ranar da aka haifa wa Vjekoslav ɗa ya jefa kwalinsa a teku,
ya wuce kamar wanda ya tuɓe tsohon takalmi.
Babana ya bari sau tara, na ƙirga.
Sau tara tana kiransa da tsakar dare yana amsawa.
Inna ta ce rashin zuciya ne,
ya sunkuyar da kai, ba musu, ba bayani.

Yau ni ce da farar riga a hawa na uku na asibiti,
gabana ƙananan kwalabe, kowace da lamba, ba suna.
Muna bin sawun wata ƙwayar gado
wadda muka sani da matse jijiya da sakinta,
ita ke raɗa wa ƙoda ta riƙe gishiri ko ta zubar.
Mai gadin famfo ce, mai tsaron hawan jini.

To me ya kai mai gadin famfo ɗakin kwaɗayi?
Farfesa Ljerka ta ce wataƙila tana da ƙofa a ƙwaƙwalwa,
daf da inda daɗi ke sauka in an zuƙi hayaƙi.
Kullum da wataƙila take rufe baki.
Lissafinmu ya karkata kaɗan, kamar jirgin da aka loda gefe guda,
bai kai a rantse ba,
sai an ƙara ɗaruruwan mutane a kan mizani.

Ran Lahadi na je Kantrida da abin awo,
na naɗa masa a dantse, na matsa, muka zuba wa allura ido.
Ɗari da sittin da takwas. Ya ce injin ne ya tsufa.
Ya tura farantin toka bayan tukunyar fure, wai ban gani ba.
Na so in ce, Baba, gangarenka ya fi na ƙanenka santsi,
tun ba ka san ashana ba aka shata shi.
Sai na ji tsoron ya mai da maganata matashin kai,
ya kwanta a kanta, ya ce gado ne, ba shi da magani.

Shi ya miƙo hannu, duk tabon wuta:
"Ɗebi nawa ki kai wa farfesarki,
ki ɗebi na Vjeko, mu ga wanda aka cuta a rabo."
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

Kwalbarsa na cikin firji yanzu, a layi na huɗu.
Da yamma na fita baranda, na laluba aljihun farar rigar.
Iskar teku ta kashe mini ashana biyu,
ta ukun ta kama.
Rabin abin da ke cikin kwalbar nan, yana yawo a jikina ni.