Igiyar Awon Winifred Garside

Ubanta mai sassaƙar dutse ne a Halifax,
garin da hayaƙin masaƙu ya shafe wa bango baƙi.
Tana 'yar shekara tara take riƙe masa bakin igiya,
yana cewa, "Ja sosai, Winnie. Bango ba ya rufa wa ƙarya asiri."

Da ta kai sha shida aka kai ta ofishin Mista Holroyd,
ba don zane ba, don ta dafa shayi,
ta fiƙe fensir, ta kwashe tokar murhu.
Shekara uku tana kwafar tagogin da wasu suka zana,
da almuru ta hau jirgin ƙasa zuwa ajin dare a Leeds,
ita kaɗai mace cikin maza talatin da ɗaya.
Malamin ya ce, "Wa zai ba mace gini?"
Ta ce, "Wanda rufinsa ke yoyo."

Sai yaƙi.
Jiragen sama suka yi wa Hull ruwan wuta,
unguwa guda ta kwanta, safiya ba ta tarar da ita ba.
Nan na fara ganinta, cikin takalmin roba,
tsaye kan tarin bulo tana auna abin da babu,
tana tambayar wata tsohuwa inda murhunta yake a da,
da tagar da rana ke shigo mata.

Ni ne yaron da ta ɗauka ya riƙe bakin igiyar awo.
Sunana Cecil. Sanyi ya sa hannuna rawa.
"Ja sosai," in ji ta.

Majalisar gari ta ce kuɗi kaɗan, mutane dubu,
ƙasa ta yi tsada, a hau sama.
Ta zana bene hawa goma sha huɗu,
kowane gida da famfonsa, da makewayi a ciki,
da 'yar baranda mai faɗin kujera biyu.
Wata bakwai tana faɗa kan barandar nan.
An rage mata kaurin bango, an rage mata siminti,
baranda kuwa ta hana a taɓa.
Ranar buɗewa matar wani masunci ta murɗa famfo,
ruwan zafi ya zubo, ta zauna daɓas tana kuka.
Winifred ta fita waje ta kunna taba,
ba ta son a ga fuskarta.

Wani ginin kan tsufa tun maiginin bai yi furfura ba.
Gishirin teku ya ci ƙarfen cikin siminti,
lif ta mutu, ba mai gyara,
jaridun da suka yi yabo suka juya baki,
wai akurkin kaji ta gina wa talaka.
Ba ta tanka ba. Wasiƙa arba'in ta rubuta
tana roƙon a gyara rufi kawai.
Na san adadin, ni na kai su gidan waya.

Wata Lahadi aka rushe shi.
Tana da saba'in da tara, ni na tura kekenta.
Jama'a sun saɓo 'ya'ya a wuya kamar masu zuwa kallon ƙwallo.
Aka ƙirga daga goma.
Daƙiƙa shida, aikin shekara shida.
Da ƙura ta lafa ta ce, "Ka gani? A miƙe ya faɗi.
Ko a faɗuwa bai karkace ba."
Na yi dariya, sai na ga hannunta bisa gwiwa
yana jan layi da fensirin da babu.

Abu guda ya rage cikin abin da ta zana:
rumfar jiran bas a bakin kwata,
aikin yamma ɗaya, ko sisi ba a biya ta ba.
Ta juya mata baya ga iskar arewa,
ta sa benci daidai gwiwar tsoho.
Ba allo, ba suna. Yara dai sun kanta nasu da ƙusa.
Nan nake zama in ruwa ya tsuge.
Bas ta tsaya, direba ya dube ni,
in ɗaga masa hannu:
wuce abinka, ba tafiya zan yi ba.