Akushin Marlys Tollefsen

Fayil ɗinta ya iso teburina ran Talata,
tsakiyar hunturu, hawa na tara, birnin Alexandria,
ofishin da tagarsa ba ta buɗuwa.

Shafi goma sha ɗaya, zane huɗu.
Tsohuwa ce daga Duluth, can bakin tabki,
shekara talatin tana gyaran motocin 'yan makaranta,
ta ajiye sifana, ta ɗaura yaƙi da kurege,
ɓarawon da ba ya jin kunya, balle tsawa.

Ga abin da ta ƙera: akushin tsuntsaye na ratayewa a reshe.
Lamba goma sha huɗu, sandar sauka.
Lamba ashirin da biyu, sifirin siriri kamar gashin gira.
Tsuntsu ya sauka, ƙofa a buɗe, ya ci geronsa.
Kurege ya ɗora ƙafa, nauyinsa ya ci amanarsa,
ƙofa ta ce ƙyas, ta bar shi da hamma da yunwa.

Na yi dariya ni kaɗai, sannan na naɗe hannun riga,
don ba a biyana in so abu,
ana biyana in tono wanda ya riga shi zuwa.

Kwana biyu ina haƙa a maƙabartar takardu.
Na ci karo da wani manomin Iowa, Elmer Vondracek,
ya kwanta dama tun kakata tana yarinya,
ya yi wa kwamin aladunsa ƙofa mai jin nauyi.
Na ci karo da wani a Ohio, ya rataye wa tsuntsaye gwangwani.
Na ciro ƙofar wancan, na liƙa a gwangwanin wannan,
sai ga akushin Marlys tsaye, ba ragowa.

Na rubuta da harshen ofis, mai sanyin ƙarfen asuba:
buƙata ta ɗaya zuwa ta tara, an ƙi.
Duk mai sana'a zai iya hango wannan haɗi,
abu ne a fili, bai kai ƙirƙira ba.
Wata uku gare ki, in kina da abin cewa.

Ta bugo waya. Murya kamar zarto a kan katako.
"Mista Wrobel, a fili ka ce?
Hunturu shida na yi a gareji, yatsuna sun daskare.
Sifirin arba'in na gwada kafin na sami wanda
zai ɗauki jan tsuntsu mai tukku, ya ƙi ɗan kurege.
In a fili yake,
ina kake lokacin da nake ta faɗuwa?"

Na ce doka ce. Na karanto mata sashe da lamba.
Ta ce, "Alade ba ya tashi sama, yaro."
Can bayan muryarta na ji ƙyas. Ta kece da dariya:
"Ka ji? Wannan bai karanta wasiƙarka ba."
Ta ajiye, ba sallama, ba gaisuwa.

Lauya ya nemi dala dubu uku kafin ya ɗaga biro.
Ba ta sake magana ba. Wa'adi ya cika, ƙarinsa ya cika,
na buga wa fayil hatimin watsi,
na ja na gaba, wani mariƙin lema mai naɗewa.

Ganye ya fara ja sai ga kwali da sunana.
Ma'aikacin gwamnati ba ya karɓar kyauta daga mai nema,
na sani, har na cike takardar mayarwa.
Amma kafin in liƙe bakinsa na tura ƙofa,
na ɗaga akushin da igiyarsa,
yana warin fenti da man inji, da ɗan gero a gindi.
Na ɗora biro a kan lamba goma sha huɗu.
Shiru.
Na ɗora yatsa.
Ƙyas.
Ya auna ni, ya ƙi ni,
babu ko wata uku na amsawa.