Kujera ta Goma Sha Ɗaya

Telmo, karɓi makullan nan.
Ƙaramin na ɗakin kundi ne, babban na zaure.
Sai ka tallafi ƙofar da kafaɗa kafin ya juya,
iskar teku ta kumbura katakon tun ban zo ba.

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta abin da suka ce,
wata rana har da abin da suka so su ce.

Shafa teburin ka ji. Ba itace ɗaya ba ne.
Tsakiyarsa cikin jirgin kamun kifi ne
da ya kife a bakin gaɓa da mutum tara.
Masunta biyar suka kewaye shi, tufafinsu na ɗiga,
suka yanke a kafa fitila a kan dutse,
kowane gida ya kawo mai, kwalba guda a wata.
Majalisar Arnela ke nan ranar da aka haife ta:
ba tuta, ba hatimi,
sai ƙarnin kifi da zaman makoki.

Da gishiri ya yi daraja, fatake suka nemi wuri,
aka ɗora wa tebur fiffike, kujera uku.
Masu kamfanin gwangwani suka ɗora nasu, biyu.
Goma cif. Biyar nan, biyar can,
gardamar magudana ɗaya ta ci damina bakwai,
ruwa kuwa bai jira ƙuri'a ba.

Sai zamanin da aka turo mutum guda daga babban birni
da takarda a aljihun kwat.
Ya sa aka kwashe kujeru zuwa ɗakin ajiya,
ya bar tasa.
Buɗe kundin shekarun nan, ka ga kyawun rubutu:
an amince, an amince, an amince,
alhali ba a tambayi kowa ba.
Ban taɓa ganin shafi mai tsabta haka ba,
ban kuma taɓa son taɓa shi ba.

Ranar da aka fito da kujeru aka kakkaɓe ƙura,
Ermelinda Carrapiço ta shigo daga kamfani,
ɓawon kifi na ƙyalli a damtsenta.
Suka ce kujeru sun ƙare.
Ta koma gida, ta ɗauko ta gindin murhunta,
ta dasa a ƙarshen tebur.
Ga ta can. Ta fi sauran gajarta da taƙi guda.
Wanda ya zauna a kai haɓarsa ce ke kai tebur,
amma tun daga ranar ƙuri'a ba ta sake yin kunnen doki ba.

Yanzu ga tsarin, kada ka ruɗe:
magajin gari a kai, ƙararrawa a damansa,
ma'aji a hagu, kullum da tari idan an ambaci kuɗi.
Kwamitin ruwa ba ya ga maciji da na tituna.
Na makabarta ba ya rigima da kowa.
Jama'a a benci, minti uku kowanne.

Talatar farko ta kowane wata tsoho Baltazar zai miƙe
kan ramin da ke ƙofar gidansa.
An cike ramin shekara shida ke nan.
Rubuta dai. Matarsa ce ta rasu,
nan ne kaɗai ake kiran sunansa da ƙarfi.

Abu na ƙarshe.
A kasafin kuɗi, layi na farko, za ka ga: man fitila.
Fitilar ta koma lantarki tun kakarka na budurwa.
Duk sabon kansila sai ya ce a soke layin,
duk shekara sai hannu goma sha ɗaya su tashi a bar shi,
har da nasa.

Kada ka gyara.
Kashe wutar zaure idan za ka fita,
ta dutse ba ruwanka da ita.