Daƙiƙa Tara a Gada ta Uku

Mun tsaya cak a Gada ta Uku,
ruwan Ikko ya yi toka-toka a ƙarƙashinmu.
Nafi'u na riƙe da sitiyari,
ni da takardun jarrabawa ɗari da ashirin a cinya,
jan biro a haƙori.

Ɗaki ɗaya ya raine mu a Agege,
inda Baba ke kwance huhun goro da asuba.
Haka ya ɓara mana boko, ɓari-ɓari:
ni tsarin mulki, Akoka ta riƙe ni shekara goma sha bakwai;
shi waya da lissafi,
yana koya wa hafsoshin ruwa a Apapa
yadda na'ura ke hango kwale-kwale cikin duhu
tun matuƙinsa bai ji a jikinsa ba.

Ya ce, "Barira, tawa ba ta ƙifta ido.
Daga gani zuwa harbi, daƙiƙa huɗu."
Na ce, "A cikin huɗun wace ce ta alƙali?"
Ya sauke gilashi ya sayi soyayyar ayaba.

Kwamitin ƙarin girma ya maido mu duka bana.
Aikinsa mafi kyau na cikin kabad,
an buga masa hatimin sirri, ba ya ƙirguwa.
Nawa an buga shi a mujalla uku,
gara ce kaɗai ta karanta shi har ƙarshe.

Na buɗe takardar Temilade, mai zama layin baya.
Ta rubuta: sashe na talatin da uku,
kowa yana da haƙƙin rai.
Ta ɗiga aya. Ta bar sauran shafin fari fat.
Ta manta da "sai dai."
Ni da na tsufa ina koyar da "sai dai,"
ƙanena kuwa a cikinta yake cin abinci.
Biron ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.

Hayaƙin bandar kifi ya taso daga Makoko.
Nafi'u ya dube shi ya daɗe,
sannan ya ce da madubi, ba da ni ba:
"Watan jiya, wurin gwaji,
allon ya zagaye wani mai taru da jan layi.
Ba harsashi a ciki. Yaro ne, da fitila a goshi.
Na ƙara maɓalli. Sai ɗan Adam ya taɓa."
"Yanzu nawa?"
"Tara. Oga ya yi faɗa har ya shaƙe."

Danfo ta danna mana oda daga baya,
layi ya motsa tsawon tabarma.
Ya ce, "Alhamis ki zo ki yi musu darasi.
Ba kuɗi."
Na ce, "Ka zuba mini mai."

Na ba Temilade shida cikin goma,
na rubuta a gefe: ki same ni a ofis.
Ban san ko gyara ta zan yi ba.