Ban Gani Ba

Ran Litinin aka ɗora mani fayil a tebur,
Kore, mai kauri, an ɗaure shi da zare.
Aka ce, "Sada, sa hannu mu wuce wurin,
Aiki ya ƙare, kuɗi ake jira."
Na ce hannuna ba ya riga ƙafata isa,
Ba na shaidar abin da ban gani ba.

Na tada babur na bi ta Ƙofar Marusa,
Na ratsa masu faci da 'yan gwari,
Har ƙaramin asibitin bayan unguwa.
Bangon da ke kallon titi ya sha fenti,
Na baya ko buroshi bai taɓa shi ba.

Shafi na huɗu: rijiyar burtsatse,
Mita tamanin, da tanki bisa ƙarfe.
Na iske allo, rubutunsa tsaf,
Da sunan kamfani da ranar buɗewa.
Iro maigadi ya yi dariya har da tari:
"Malam, ai allon nan muke sha.
Jarka biyu nake saye wurin 'yan garuwa,
Tun bara ba a maido mani kuɗina ba."

Shafi na bakwai: firjin rigakafi,
Da faifan sola huɗu bisa rufi.
Firji kam yana nan, ba zan yi mashi ƙarya ba.
Na buɗe: rijista uku da kwanon ɗumame.
Na ɗaga kai: tantabaru ne jere,
Rana na zuba, ba a tare ta ba.

Saude ungozoma ba ta yi dogon zance ba,
Wayarta ta zaro ta miƙo mani.
Gefenta duk ya ɓantale kamar an gaigaya.
Ta ce, "Shaidar haƙorana ke nan.
Da baki nake riƙon fitila da dare,
Hannuwa biyu na wanda ke zuwa duniya ne.
Rubuta, in a takardarku da wurin hakan."
Na duba, ba su bar wurin ba.

Bayan isha'i aka yi sallama a zaure.
Rabe ne, mai kwangilar,
Tare muka sha bulala a aji uku.
Ya zauna, ya cire hula, ya share zufa:
"Kaza na sama, kaza na mai fidda kuɗi,
Kaza na wanda ya haɗa ni da su.
Abin da ya rage shi ne allon da ka gani."
Ya aje ambulan tsakaninmu bisa tabarma,
Ya tambayi lafiyar Hinde da makarantarta,
Ya san zango biyu ban biya ba.

Na kalli ambulan nan fiye da yadda ya dace,
Allah ya gani, ba zan ɓoye ba.
Na ƙirga kaurinsa da ido,
Na ji motsin uwargida bayan labule.
Sai bakin wayar Saude ya faɗo mani.
Na ce, "Rabe, ɗauki kayanka, dare ya yi."
Ya fita, bai ce mani sai da safe ba.

Wuri goma sha ɗaya na rubuta kalma uku,
Da jan biro, har yatsana ya yi tsami.
Fayil ya hau bene wurin manya,
Wata biyar, bai sauko ba.
Ni aka sauko da ni, zuwa sito,
Ina ƙirga gidan sauro dami-dami.

Shekaranjiya Iro ya leƙo da saƙo:
An kawo faifai ɗaya, an kafa,
Ƙwai guda na ci a ɗakin haihuwa,
Saude ta ce a gaya mani bakinta ya huta.
Ruwa dai har yau na jarka ne.
Kwafin fayil na cikin akwatina, ƙarƙashin riguna,
Saura faifai uku da rijiya,
Su kam har yanzu ban gani ba.