Gurbi na Huɗu

Ni ne mai riƙe biro a ofishin ƙungiya,
ɗakin da fanka ke tari tun hantsi.
Doka ta zo mana da hatimi ja:
kafin a ɗauki koci, a zauna da kowa,
ɗan gida, baƙo, da wanda ido bai saba da shi ba.
Gurbi na huɗu a fom ya ce: mace ɗaya, aƙalla.
Aikina in sa masa alama.

Shekara uku ke nan Luba Namakka na zuwa
daga Runjin Sambo, a bayan kabu-kabu,
usur a wuya, ƙarƙashin mayafi,
takardun shaida cikin leda don gudun zufa.
Ta gaishe mu ɗaya-ɗaya da sunayenmu.
Ciyaman ya laluba nata, bai samu ba.

Na san abin da ke cikin durowata:
rigar sabon koci, an ɗinke sunansa tun Talata,
shi kuwa yana masauki a Gawon Nama
yana yagar gasasshiyar zabuwa.

Aka ce, "Bismilla, minti goma."
Ba ta kwance ledar ba.
Marafan lemo ta tsince daga faranti,
tara suka kama, ta cika da ɓarin goro biyu,
ta jera su a teburin sa hannu.
"Ga ciwonku," in ji ta.
"Lamba shida na barin gida kamar mai bin bashi.
Ɗan bayan hagu, da an dawo hutu,
ƙafarsa ta zama kunu.
Bakwai aka zura muku ta rami guda.
Ko gafiya tana sauya rami."

Ma'aji ya daina tauna.
Ciyaman na shafar waya da babban yatsa.
"Madalla, Hajiya. Za ki ji daga gare mu."
Maganar nan ta fi gulbin Rima tsawo,
ban taɓa ganin inda ta tuƙe ba.

Ta miƙe, sai ta tsaya a kaina.
"Malam Ladan, ara mini bironka."
Da hannunta ta cike gurbi na huɗu.
"Na san ƙofar nan da alli aka zana ta a bango.
Amma 'yan mata sha tara na jira su ga
yadda zan riƙe kaina in na koma.
Baɗi ma ka aiko. Bango yana jin hannu."

Ban kwashe marafan ba.
Ban san dalili ba; ƙila kasala ce.
Da sabon koci ya zo karɓar rigarsa
ya daɗe tsaye a kansu, hannu a haɓa.
"Wa ya yi wannan?"
Ciyaman ya ce, "Yara ne."
Ni kuwa na duƙa neman abin da bai faɗi ba.

Ran Asabar lamba shida ya zauna gida.
Ramin hagu ya toshe.
Ɗaya da nema muka tashi,
makaɗa suka ɗauki baƙo a kafaɗa
har bakin titi.

Bayan la'asar na bi ta Runjin Sambo.
Fili ne mai gangara, duwatsu huɗu ne raga,
akuya na tsakiya ba ta san an fara ba.
Na buɗe baki, ta riga ni:
"Na ji a rediyo. Ashe yaron na jin magana."
Ta busa usur, ta juya,
wata 'yar ƙarama ta yi satar gida.

Fom ɗin na nan cikin durowa,
inda rigar ta kwana huɗu.
Nakan ɗauko shi in fanka ta tsaya.
Alamomina uku ƙanana ne, masu ladabi,
ba sa haye layi.
Tata ta huda takardar,
har katakon tebur ya shaida.